Riƙe jakar fasto ba horo ba ne

'Yan'uwa cikin Almasihu, gaskiya ɗaci gare ta, amma sai mun faɗa. A yawancin majami'unmu na sashen Hausa a Legas, Ibadan da Fatakwal, mutanen da suka riƙe dattijantaka da ma'aji tun muna samari, su ne dai har yau. Matashi kuwa aikinsa jera kujeru, kaɗa ganga da riƙe jakar fasto. Wai wannan ne almajirantarwa?

Ba haka Littafi Mai Tsarki ya nuna mana ba. A Fitowa 18, Yetro ya gargaɗi surukinsa Musa cewa zai gajiyar da kansa da jama'a in ya ci gaba da shari'a shi kaɗai, sai Musa ya raba aikin. A Littafin Ƙidaya 27, tun yana da rai ya ɗora wa Joshuwa hannu a gaban taron jama'a. Ubangiji Yesu ya aiki almajiransa biyu-biyu tun ba su gama fahimtarsa ba. Manzo Bulus ya bar Timoti a Afisa da nauyin ikilisiya alhali yana matashi.

Mun san amsar dattawanmu: yaran yanzu ba su da natsuwa, za su ɓata aiki. To, Markus ma ya gudu ya bar aiki a tsakiyar tafiya, har Bulus ya ƙi sake tafiya da shi. Barnaba ne ya riƙe shi, kuma daga baya Bulus da kansa ya aika a zo masa da Markus saboda amfaninsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki cikin Hausa, amma 'ya'yanmu da aka haifa a Kudu suna ta komawa majami'un Turanci, inda ake ba su aiki. In dattawan nan suka koma gida, wa zai yi wa'azi da Hausa?

Don haka muna kira: kowane dattijo ya ɗauki matashi ɗaya ya koya masa aikinsa a fili, mata su horar da 'yan mata. Ma'aji ya ƙirga baiko tare da matashi, a karanta rahoto gaban kowa. A bar matasa su jagoranci sujada sau ɗaya a wata. Wanda wa'adinsa ya cika ya sauka.

Ikilisiya ta Almasihu ce, ba gadon gidan kowa ba. Allah ya ba mu kunnen ji.

Sakatare, a madadin ƙungiya