Gahawar Araku: Dokar Turai za ta iya toshe wa manoman kan tsaunuka kasuwa?

A watan Fabrairun 2025 farashin gahawa nau'in Arabika ya haura dala 4 kan kowane fam a kasuwar New York, abin da ba a taɓa gani ba. Sai dai tsadar kaya a kasuwar duniya ba kasafai take isa aljihun ƙaramin manomi ba.

Kwarin Araku da ke jihar Andhra Pradesh ta Indiya na cikin wuraren da suka nuna cewa ana iya sauya hakan.

Mazauna yankin ƙabilun asali ne da ake kira Adibasi, kuma suna noma gahawa a ƙananan gonaki a ƙarƙashin inuwar bishiyoyi, a tudun da ya kai kimanin mita 1,000.

Me ya ɗaga darajarta?

A da, dillalai ne ke saye a farashin da suka ga dama. Da taimakon gidauniyar Naandi, manoman suka haɗu a ƙungiyar gama kai, suka koma noma ba tare da takin zamani ba, suna tsinkar 'ya'yan da suka nuna jawur kawai, sannan a sarrafa su a wuri guda.

Wannan kulawa ce ke sa gahawa ta samu maki 80 ko fiye cikin 100 a wurin masu ɗanɗano, wato matakin da ake kiranta ta musamman, a kuma biya ta da tsada.

A 2017 aka buɗe shagon Araku a birnin Paris. A 2019 gwamnatin Indiya ta yi wa sunan rajista, ta yadda gahawar wani yanki ba za ta ari sunan ba. A taron G20 na 2023 a Delhi, tana cikin tsarabar da aka bai wa shugabanni.

Inda gizo ke saƙar

A 2023 Tarayyar Turai ta kafa dokar hana shigo da gahawa da koko da wasu kayayyaki idan an noma su a filin da aka sare dajinsa bayan ƙarshen 2020. Dole mai shigo da kaya ya gabatar da bayanan taswirar kowace gona. Ƙorafin ƙasashe masu noma na cikin abin da ya sa aka ɗage fara aiki da ita.

Manufar dokar mai kyau ce, amma nauyinta bai faɗa wa kowa daidai ba. Babban kamfani na da ma'aikata da na'urori. Manomin da ke ƙauyen da ko layin waya babu, kuma gonarsa ta gado ce da ba ta da takarda, zai iya rasa mai saye ko da bai sare bishiya ɗaya ba. Ga ɗan kasuwa, barin irin wannan manomi ya fi sauƙi a kan tantance shi.

A nan ma ƙungiya ce mafita, domin ita ke iya auna dubban gonaki ta adana bayanansu. Waɗanda ke wajenta su ne ke cikin haɗari.

Wannan batu ya shafi Najeriya, inda ake noma Arabika a tsaunin Mambila na jihar Taraba, kuma Turai ce babbar mai sayen kokon ƙasar. Idan ba a fara auna gonakin ƙananan manoma tun yanzu ba, ranar da dokar ta fara aiki kayansu na iya rasa mai saye a can, komai kyansu.