Filin Mata: Tsakar Gida Da Kujerunta

Yau zancenmu a kan tsakar gida ne, da kayan zaman da mu ke bari a cikinta. Abin da ya jawo zancen kuwa wani abin kunya ne da ya same ni da bazarar bara. Yayar maigidana ta zo mana yini, na jawo mata farar kujerar roba daga gindin bango, na karkaɗe, na ce, "Bismilla, Yaya." Zamanta ke da wuya sai ƙafar baya ta karye, ta tafi da baya, gwiwar hannunta ta daki siminti. Ta kwana goma hannu a ɗaure. Ta ce mini ba kome, amma ni na san da kome, domin kujerar nan ta shekara biyu tana shan rana da ruwa, ban taɓa matsar da ita ba.

Ku duba fa. Mu kan kashe kuɗi mu ƙawata ɗaki, mu jera kwanuka, sa'an nan mu ja ƙofa. Amma ina mu ke yini? A tsakar gida mu ke girki, nan a ke kitso, nan yara ke wasa, nan kuma a ke kwana in zafi ya hana barci a ɗaki. Ashe inda mu ka fi zama, nan ne mu ka fi sakaci.

To, kafin ki sayi kujera ko ɗaya, nemi inuwa tukuna. In gidanku ne na kanku, dasa darbejiya, watau dogon yaro. Asalin itacen nan daga Indiya ne, an kawo shi ƙasar Barno a 1928, ga shi yau ya cika ko'ina, domin yana da saurin girma kuma ba ya tsoron fari. Amma kada ki dasa shi jikin bango ko kusa da masai, saiwarsa tana tafiya nesa, ta kan tsaga gini. In kuwa haya ku ke, rumfa ta isa. A kafa dirkoki na azara ko na ƙirya, waɗanda gara ba ta cika damunsu ba, a rufa da zana. In rumfar kwano ce, a ɗaga ta sama, a sa zana a ƙarƙashin kwanon, in ba haka ba cikin Afirilu zaman ƙarƙashinta da zaman tanda duk ɗaya ne. Sa'an nan ki kare gefen gabas da asabari ko zana, domin daga nan hadari ya kan taso da iska, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas ta ke zuwa.

Bayan inuwa sai ƙasa. Iyayenmu su kan taru su yi daɓe, a zuba tsakuwa, a yi ta bugu da madaɓi, a shafe da ruwan makuba, watau na ɓawon ɗorawa, wuri ya fito santsi kamar a ci tuwo a kai. Yanzu siminti ya yi yawa, ba laifi. Abin lura ɗaya ne, a karkata shi wajen rariya, don kada ruwa ya kwanta a inda ƙafafun kujeru su ke.

Yanzu sai kujerun kansu, kowace da maƙiyinta.

Ta katako, ko benci ne ko 'yar tsugunno, maƙiyanta laima da gara. Kada ƙafarta ta kwana a kan ɗanyar ƙasa da damina. Ɗora benci a kan bulo ko duwatsu masu faɗi, ƙananan kujeru kuwa a shigar da su in an gama hira. Sau ɗaya a mako kifa benci ki duba ƙarƙashinsa. In kin ga zanen jar ƙasa yana hawa ƙafar, gara ce ta yi hanya. Kankare, ki shanya a rana, ki canja masa wuri. In kin ƙwanƙwasa kin ji yana amo kamar ƙwarya, aikin gama ya gama, sai murhu. Da hunturu kuma itace ya kan bushe ya tsage, gaɓoɓi su saki, a ji kujera tana kuka in an zauna. Wannan lokacin ne na kiran kafinta ya ɗaure, ya shafa fenti. Waɗansu su kan shafa baƙin mai na mota don gudun gara. Ni dai ban yarda da shi a jikin abin zama ba, yana ɓata zane, ga yara masu rarrafe da ke kai kome baki.

Ta ƙarfe tsatsa ce ke cin ta, kuma daga ƙafa da wurin walda ta ke farawa. Ki goge wurin da samfefa har farin ƙarfe ya fito, a shafa jan fentin nan da masu walda ke fara shafawa, in ya bushe a bi da fentin mai. Aikin bazara ne wannan, cikin Afirilu ko farkon Mayu, kafin ruwa ya sauka. Ranar da a ke ƙura kada a yi, duk sai ta manne a ɗanyen fenti.

Ta roba, wadda ta ba ni kunya, mu kan ɗauka ba abin da ke samunta tun da ba ta tsatsa, gara kuma ba ta ci. Rana ce ajalinta. A hankali ta ke gasa ta, har ta daina lanƙwasa, ta koma mai karyewa farat ɗaya kamar busasshen kara. Ga yadda za ki gane. Launi zai kwashe. In kin shafa yatsa sai farin gari ya biyo ki. In kin kifa ta za ki ga siraran tsagu inda ƙafa ta haɗu da mazauni. Wadda ta kai haka ki rabu da ita. Ɗinkin waya da a ke yi mata yaudarar kai ne, ranar da babban baƙo ya zauna ran nan za ta tona asiri. Masu lafiya kuwa a wanke su da sabulu da tsumma, ban da yashi ko soson ƙarfe, a jera su bisa juna a inuwa.

Tabarma kada ta kwana a shimfiɗe. Raɓa tana ruɓar da ta kaba, ƙarƙashinta kuma masaukin kunama ne. Naɗe ki jingine ta a tsaye, in za ki shimfiɗa ki karkaɗe nesa da yara. Cikin Agusta, duk ranar da rana ta leƙo, fitar da tabarmi da matasai su sha, don gudun fumfuna.

Ado kuwa ba sai an je kanti ba. Farar ƙasa a bango, da tsohuwar randa da ta tsage, ko tukunyar da ta daina girki, a cika da ƙasa da taki a dasa na'ana'a ko ɗoɗɗoya, lalle kuwa ya bi gefen danga. Kin sami kore, kin sami ƙanshi, kin sami abin amfani. (In kuna da awaki, sai ki fara da shinge, in ba haka ba kin dasa musu ne.) Tumfafiya in ta fito da kanta tuge ta, farin ruwanta mugu ne ga idon yaro. Amma lalle ki huda gindin kowace tukunya ruwa ya riƙa fita. Sauro a kwantaccen ruwa ya ke zuba ƙwai, da zafi cikin kwana 7 zuwa 10 sun zama masu cizo. Saboda haka kowace Jumma'a zagaya, ki kifar da ruwan gwangwani da tsohuwar taya da kaskon kaji, ki wanke randa ki rufe da faifai. Ba amfani a yi adon da zai kai yaro asibiti da zazzaɓi.

Yaya ta sake zuwa da babbar salla. Na fito mata da sabuwar kujera daga ƙarƙashin rumfa, har na zauna a kai na gwada a gabanta. Ta dube ni, ta dubi kujerar, ta ce, "Ke dai shimfiɗa mini tabarma."