Tsofaffin majami'u na Adar: wa zai karɓi sanda daga hannun dattawa?

Masu saurarenmu da masu karanta wannan shafi, yau mun leƙa gidan maƙwabta. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna kiristoci ba su kai kashi 1 cikin 100 na 'yan Nijar ba, kuma a nan Tawa da arewacin Adar sun fi haka ƙaranci. Sai dai tare muke cin kasuwa, 'ya'yanmu suna lakwal ɗaya, wasunsu su ne ke duba marasa lafiyarmu. Shi ya sa tambayar da ke gabansu ta shafe mu: in dattawan da ke riƙe da majami'u suka gaji, wa zai gaje su?

Majami'un nan fa sun daɗe. Mishan ɗin SIM ta sauka Damagaram a 1924, ta buɗe likitar Galmi a 1950, wadda har gobe mutanen Adar, akasarinsu musulmi, suke zuwa neman magani. Lokacin samun 'yancin kai ne mabiyanta suka kafa ƙungiyar EERN. Tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da farkon 1990 rikicin shugabanci ya tsaga ta, aka samu UEEPN da EESN. Waɗanda suka rabu ɗin littafinsu ɗaya, aƙidarsu ɗaya. Wurin riƙon gida aka saɓa. Duk fasto da ke tunanin gobe ya san wannan tarihi.

Ɓangaren Katolika kuwa suna da doka: bishop in ya cika shekara 75 sai ya miƙa takardar murabus. Haka aka yi da Ambroise Ouédraogo, ɗan asalin Burkina Faso, wanda ya riƙe yankin Maraɗi tun kafa shi a 2001. A 2024 Fafaroma Francis ya naɗa Ignatius Anipu, ɗan ƙasar Gana, a madadinsa. Tawa tana ƙarƙashin wannan yanki, tare da Damagaram da Agadas da Difa. An yi canjin ba hayaniya, amma ku lura: na da da na yanzu duk daga waje suka zo. Hakan ya nuna har yanzu ba a samu isassun 'yan ƙasa da za su hau manyan kujeru ba.

To me ke cin tsofaffin majami'u a yankinmu? Na farko, tafiya bida. Duk wanda ya tashi a Adar ya san da zarar an gama girbi samari sai Abijan, sai Najeriya, sai Libiya. Masallaci yana da jama'ar da za ta cika sahu ko da rabin samarin gari sun tafi. Majami'ar da mutanenta ba su wuce 'yan gidaje ba, in samari biyar suka hau mota, ta rasa mai kiɗa, ta rasa mai koyar da yara, ta rasa wanda ake sa ran tura shi makarantar Littafi Mai Tsarki.

Na biyu, da yawa daga masu cika benci a cikin birni baƙi ne: ma'aikatan gwamnati da aka turo, 'yan kasuwa da masu sana'a daga Benin, Togo, Najeriya da Burkina. Yau suna nan, gobe an canza musu wurin aiki. Su sun fi sakewa da Faransanci, tsofaffin 'yan gida kuma Hausa suke so, wadda aka fassara musu Littafi Mai Tsarki cikinta tun 1932. Shugaban da bai iya haɗa ɓangarorin biyu ba, ɗaya zai zame masa.

Na uku, tsaro. A watan Oktoba na 2016 'yan bindiga suka sace Jeffery Woodke, Ba'amurke mai aikin agaji da ya shafe shekaru a Abalak, suka kashe mutum biyu. Sai a watan Maris na 2023 aka sako shi. Tun daga nan Bature ba ya yawo arewacin jaha yadda ya ga dama. Ikilisiyar da ta saba jiran ɗan mishan ya kawo malami da kuɗin gyaran rufi, yanzu dole ta dubi aljihunta.

A ganinmu sabunta majami'a yana farawa ne daga ranar da dattijo ya yarda ya zaunar da yaro kusa da shi tun yana da ƙarfi, ya nuna masa littafin kuɗi, ya kai shi gaban mai gari da liman ya ce ga magajina. Sabon fenti da lasifika ba za su yi wannan aiki ba. Ana buƙatar fasto ɗan gida, mai jin Hausa, a arewa ma har da Tamashek, mai gona ko sana'ar da zai ci da iyalinsa, don baikon mutum talatin ba ya riƙe gida. Mata ma, su ne suka fi zama in maza sun tafi bida, kuma ƙungiyoyinsu na zumunta su ke riƙe da aiki. Ya kamata a ji muryarsu wurin yanke shawara.

Mun ga abin da ya faru a watan Janairu na 2015, da aka ƙona majami'u a Damagaram da Yamai kan zanen Charlie Hebdo. A irin wannan rana, abin da ke tsare gida shi ne maƙwabcin da ya san ka, ya san ubanka, ya ci tuwon sunan ɗanka. Irin wannan sanayya dattawan majami'u suka tara cikin shekaru, kuma ba a rubuta ta a takarda. In suka tafi ba su haɗa magadansu da limamai da masu unguwa ba, za a wayi gari ba a san ƙofar da za a buga ba in rigima ta taso.

Muna jiran ra'ayoyinku a filinmu na kiran waya, musamman ku matasa kiristoci na Tawa, Keita da Abalak: an ba ku wuri a gaba, ko har yanzu kuna bencin baya?