Ɗakin Tsohuwa da Asibitin Kebbe

A Fakku, cikin ƙaramar hukumar Kebbe, ba sai an sha wahalar neman tsohon gidan da ya taɓa zama asibitin haihuwa ba, domin kusan kowane gidan gado ya yi wannan aiki. Ɗakin tsohuwa da ke ƙuryar gida shi ne wurin. Nan mai cikin fari take dawowa goyon ciki, nan take durƙusawa, ungozoma ta yanke cibi, a binne mabiyiya a bayan ɗaki, a ɗora tukunyar wankan jego har kwana arba'in. Idan Bahaushe ya ce ga inda aka binne cibiyarsa, wani lungu na gaske yake nufi, wanda zai iya nunawa da yatsa.

Har yau ɗakin bai yi ritaya ba. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa a jihar Sakkwato, haihuwar da ake yi a asibiti ba ta kai ɗaya cikin goma ba. Masu boko kan kira wannan jahilci, kuma a nan suke kuskure. Ɗakin yana ba mace sutura, da uwa a kusa, da hannun da ta sani. Gadon asibiti, inda wataƙila namiji ne zai duba ta, ba ya ba ta ko ɗaya.

Sai dai akwai abin da ya fi ƙarfin ɗakin. Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe mace cikin awa biyu. Jijjiga ba ta jin rubutu, doguwar naƙuda kuwa ita ce uwar yoyon fitsari. A daren damina, kafin a samo mota a kama hanyar Kebbe ko Tambuwal, sau da yawa aikin gama ya gama.

Gwamnatin Sakkwato ta taɓa gane bakin zaren. A 2013 ta fara raba ƙwayar misoprostol mai tsayar da jini, da maganin chlorhexidine na shafa wa cibiya, har cikin gidaje. Ta kai magani inda mata suke, maimakon jiran su zo. Amma ƙwaya ba ta yin tiyata.

Kyuba ta bi wata hanya tun 1962: gidajen jiran haihuwa kusa da asibiti, inda matan karkara ke tarewa idan wata ya kusa. Abin da Kebbe take buƙata ke nan, kuma bai kai kuɗin sabon gini mai fenti da ake yanke wa ƙyalle a kulle ba. A sami tsohon gida mai zaure da katanga daf da babban asibiti, a gyara shi, a bar mace ta zo da uwarta da ungozomarta da tukunyarta. Goyon ciki ne dai, wanda miji da suruka suka riga suka yarda da shi, sai dai wannan karon ɗakin tiyata yana tsallaken titi.