Likkafanin Kakuri ta Nijar ya biyo

Duk wanda ya zaga kasuwannin Damargu a yau, tun daga Tanut zuwa Belbeji har Falanko, ya tsaya rumfar masu zannuwa ya ɗaga bakin turmi ya duba, da wuya ya ci karo da atamfar da aka saƙa a Kaduna. Alhali kuwa shekaru 40 da suka wuce atamfar Najeriya ita ce rufin asirin talaka in aure ya taso, ita ce kuma tsarabar ɗan cin rani in ya komo gida gab da faɗuwar damina. Da yawa daga cikinta daga unguwa ɗaya take fitowa, wato Kakuri, can kudu da kogin Kaduna. Unguwar tana nan, mutane na kwana suna tashi a cikinta, amma abin da ya sa ta zama Kakuri ya riga ya mutu. Ya kamata ƴan kasuwa da ma'aikatan jahar Damagaram su san labarin wannan mutuwa, domin akwai hannun ƙasar nan a ciki.

A shekarar 1957 gwamnatin Jihar Arewa, a ƙarƙashin Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello, ta haɗa gwiwa da kamfanin David Whitehead na Ingila aka buɗe masaƙar KTL a Kakuri. Manufar a bayyane take: audugar Funtuwa da Gusau da Malumfashi, maimakon a loda ta a jirgin ƙasa a kai Turai a saƙa a dawo da ita da tsada, a saƙa ta a gida. Kafin shekaru 10 su cika sai ga Nortex, ga UNTL ta attajiran Hong Kong, ga Arewa Textiles ta Japanawa. A 1975 kamfanin Peugeot ya soma harhaɗa motoci a unguwar, kuma 504 ɗin da ta daɗe tana jigila tsakanin Damagaram da Kano, da yawa daga can ta fito.

Injin masaƙa ba ya barci, saboda haka unguwar ma ba ta barci. Ma'aikata kashi uku ne, na safe da na yamma da na dare, kuma duk sa'ad da jiniya ta yi kuka sai titi ya cika da kekuna, waɗansu na shiga waɗansu na fita. Ƙarfe biyun dare ana samun tuwo da zafinsa a bakin ƙofar masaƙa. Bahaushe da Tibi da Idoma da Bayarabe da mutanen kudancin Kaduna suna haya a gida ɗaya, suna layi a famfo ɗaya, suna biyan kuɗin ƙungiya ɗaya. Daga wannan ƙungiya ta ma'aikatan masaƙu Adams Oshiomhole ya taso: a Arewa Textiles ya fara aiki, ya zama babban sakataren ƙungiyar a 1982, shugaban ƙungiyar ƙwadago ta Najeriya a 1999, daga bisani gwamnan jihar Edo. Unguwar da ke iya fitar da irin wannan mutum daga bakin inji ba ƙaramar unguwa ba ce.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne, albashin Kakuri ba a Kakuri yake ƙarewa ba. Ma'aikacin da ya karɓi kuɗinsa ƙarshen wata shi ne mai sayen tsire, shi ne mai auna wake, shi ne mai neman ragon Layya. Naman nan da waken nan da ragon nan, wani kaso nasu daga arewa da iyaka suke zuwa, daga ƙasashe irin su Damargu inda noma da kiwo suka haɗu. Haka kuma mai shayi da ɗan ga-ruwa da mai gadi da mai yankan farce, waɗanda ke rayuwa a gefen albashin wani, da yawansu ƴan Nijar ne da suka sauka bayan an gama girbi. A lokacin naira tana da ƙarfi, ɗan abin da mutum ya tara cikin wata huɗu ya isa ya biya haraji, ya sayi buhun hatsi na tsakiyar damina, har ya rage na zane.

To, me ya kashe Kakuri? Ruwa ba ya tsami banza, kuma mafi yawan laifin na hukumomin Najeriya ne. Tsarin gyaran tattalin arziki na 1986, zamanin Janar Babangida, ya karya darajar naira, sai kayan gyaran inji da sinadaran rini da ake sayowa waje suka yi tsadar da masaƙu ba su iya ɗauka. Wutar NEPA ta zama sai an ga dama, kowace masaƙa ta koma kunna injin wutarta da baƙin mai, shi ma baƙin man yana wuyar samu ko da yake ga matatar Kaduna nan kusa. Noman auduga ya ja baya. Injunan da aka kafa tun zamanin Sardauna ba a sabunta su ba. A 1997 aka ɗage haramcin shigo da yadi, a 2001 ƙasar Sin ta shiga ƙungiyar ciniki ta duniya, a farkon 2005 kuma aka soke ƙa'idar da ke iyakance yawan tufafin da kowace ƙasa ke fitarwa. KTL ta rufe ƙofa a 2002, Arewa Textiles da Nortex suka bi bayanta, UNTL ta tsaya a 2007. An ɗan farfaɗo da UNTL a 2010 da rancen gwamnati, amma Kakuri ba ta sake jin irin jiniyar da ta saba ba. Tsofaffin ma'aikatan KTL sun shafe fiye da shekaru 15 suna bin kuɗin sallamarsu, da yawa sun rasu ba su karɓa ba, alhali masu masaƙar su ne jihohin Arewa 19.

Ana cikin haka rikicin Kaduna na 2000 da na 2002 ya raba garin biyu, Musulmi suka fi komawa arewa da kogi, Kirista kudu. Zaman cuɗanyar da aikin masaƙa ya gina cikin shekaru 40 ya warware cikin ƴan kwanaki, a daidai lokacin da babu sauran aikin da zai sake tilasta wa mutane tsayuwa kafaɗa da kafaɗa. Masaƙi ya koma ɗan acaɓa. Mai gidan haya ya rasa mai biya.

Saura hannun Nijar. Tun lokacin yaƙin Biyafara, daga 1967 zuwa 1970, alhazan Maraɗi suka gane cewa duk abin da Najeriya ta hana shiga ta teku yana iya shiga ta tudu. Da taba sigari aka fara, sa'an nan yadi ya biyo baya. Hanyar sananniya ce ga duk mai karanta wannan jarida: kaya su sauka Kwatano ko Lome, su haura Gaya, su zauna sito a Ƙonni ko Maraɗi ko Damagaram, a biya gwamnatin Nijar harajin sake fitar da kaya, daga nan ƴan fito su tsallaka da su ta wajen Ɗan Isa ko Ɗan Barto ko Magarya, su wayi gari a Kantin Kwari a Kano. A wannan gefen iyaka halal ne, da takarda da hatimin duwan. A wancan gefen fasa-ƙwauri ne. Da Najeriya ta mayar da haramcin shigo da atamfa zamanin Obasanjo, a farkon shekarun 2000, ba ta tsayar da atamfar Sin ba, hanya kawai ta sake mata, kuma hanyar ta biyo ta nan. Har da mai ɗauke da zanen masaƙun Najeriya da tambarinsu na jabu.

Ɗan kasuwa zai ce ba shi ya kashe wutar Kaduna ba, kuma mai odar kayan yana Kano, mai buɗe masa shinge da dare ma jami'in Najeriya ne. Gaskiya ne. Zai ƙara da cewa sa'ad da naira ta faɗi a ƙarshen shekarun 1980, atamfar Najeriya mai arha ce ta shaƙe Sonitextil ta Yamai, ba wanda ya zo ta'aziyya daga Kaduna. Wannan ma gaskiya ne. Ma'aikacin gwamnati kuwa zai tuna shekarun 1990, lokacin da ake haɗa wata da watanni ba albashi, ya ce baitulmalin da ke cikin wannan hali ba ya tambayar asalin kuɗin da ya shigo masa. Ba a musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Amma a yi lissafin har ƙarshe. Ribar fito ta tsaya a hannun mutane ƙalilan: mai kaya, mai sito, mai tirela, da wanda ke riƙe da hatimi. Asarar kuwa ta bazu har ƙauyen da bai taɓa ganin dilar atamfa ba, domin kowane masaƙi da aka sallama a Kakuri, mai sayen ragon Damargu ne ya ragu da ɗaya, mai ba ɗan cin rani ciniki ne ya ragu da ɗaya. Ƙasar da ke sayar wa maƙwabcinta dabbobi da wake da ƙarfin samarinta, in ta taimaka wajen talauta maƙwabcin, kasuwarta ta rage wa kanta. Kuma kuɗin da aka samu, ina suka shiga? An ga benaye, an ga motoci, an ga kujerun Makka. Ba a ga masana'anta ba. Matatun man gyaɗa na Matamaye da Magarya, da suka tsaya bayan fari da cutar gyaɗa na shekarun 1970 sun karya noman, kuɗin fito ba su tashe su ba. Fatun jahar nan da yawa har yanzu Kano ake kai su a jeme.

Mutanen Damargu sun fi kowa sanin ƙarshen arzikin da ya dogara ga wucewar kayan wani. Ƙasarsu tana kan hanyar ayarin da ke tasowa daga Kano ya bi Damagaram da Agadas har Tarabulus, garuruwa irin su Jajiduna sun ci moriyar saukar raƙuma da sayar musu da hatsi. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, fatu da gashin jimina suka juya kudu zuwa teku, ayarin Tarabulus ya ɗauke kamar ruwan ƙarshen damina. Ba wanda ya nemi shawarar Damargu kafin a shimfiɗa dogo. Haka fito yake, makullinsa yana aljihun wani. Janar Buhari ya rufe iyaka a 1984, a tsakiyar yunwar da har aka laƙaba mata sunansa a ƙasar Hausa ta Nijar, ba a buɗe ta ba sai 1986. Ya sake rufe ta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Takunkumin 2023 ya zo ya toshe hanyar Kwatano gaba ɗaya. Sau uku cikin shekaru 40 sito ya cika, tireloli suka yi layi, lebura ya kwana da yunwa.

Saboda haka akwai abin da ya wajaba a nema, kuma ba shi da wuya. Ma'aikatar kuɗi ta fito da lissafin abin da harajin sake fitar da kaya ya shigar shekara bi shekara, da kason da aka karɓa a ofisoshin duwan na jahar Damagaram, domin jama'a su auna shi da abin da aka gina musu. Ofishin ƴan kasuwa na Damagaram kuma ya zauna da manyan attajiransa a kan tambaya ɗaya: wane ne cikinsu zai sa dukiyarsa a majema, ko injin sarrafa wake, ko mayankar da za ta fitar da nama maimakon a kora dabba da ƙafarta? Matatar SORAZ da aka buɗe a 2011 cikin gundumar Tanut, mai iya tace ganga 20,000 a rana, ta nuna ana iya kafa masana'anta a wannan yanki. Sai dai matatar mai ba ta ɗaukar hannu da yawa kamar masaƙa, kuma ba ta sayen abin da manomin Falanko ya noma.

Samarin da iyayensu ke sauka Kaduna da Kano bayan girbi, yanzu da yawansu arewa suke fuskanta. Suna hawa mota a Tanut su nufi Agadas, daga can waɗansu Libiya, waɗansu Aljeriya, waɗansu ramukan zinariya da suka buɗe a hamada tun daga 2014. Hanyar ta fi nisa, ta fi haɗari, kuma wanda ya tafi ba kullum yake dawowa kafin shuka ba.