Lafiyar daji ita ce lafiyar ɗalibanmu

'Yan'uwa malamai da iyaye, rajistar aji shaida ce: kowace damina zazzaɓin cizon sauro yana raba yaran Randagi da karatu. Ruwan sama ya daina zuwa bisa ƙa'idar da muka gada, in ya zo kuma ya kwanta a ramukan haƙar zinare, sauro ya hayayyafa. Saran itatuwa domin gawayi a dazukan da ke kewaye da Kamuku yana korar mujiya da macizai masu cin ɓeraye, alhali ɓera ne ke yaɗa zazzaɓin Lassa, musamman da rani. Saboda haka reshenmu yana kira ga kowace makaranta ta dasa itatuwa, ta cike kududdufai, ta koya wa yara rufe abinci da kwana cikin gidan sauro.