Arahar fistin na iya jawo asarar rai a hanyar Gusau

Direban da ke jigilar fasinja daga Rawayya zuwa Gusau, ko ta Tsafe zuwa Funtuwa, bai kamata ya yi wa injinsa ƙwauro ba. Da yawa idan mota ta fara hayaƙi tana shan baƙin mai, ringi kawai suke sauyawa, su mayar da tsohon fistin da lanƙwasasshen kwanrod. Irin wannan kwanrod kan cinye metal, injin ya buga, wani lokaci har ya fasa bulok. A hanyar da 'yan bindiga ke tarewa, mutuwar mota a daji ta wuce asarar kuɗi. Wajibi ne bakanike ya auna silinda da kiranshaf kafin ya haɗa inji, mai mota kuma ya guji jabun kaya, domin araha ba ta ado.